Tarko, gam, shinkafar ɓera ko kyanwa: wanne ya dace da gidanka da motarka a Sakkwato?

Da yayana zai tafi aikin Hajji, ya ajiye motarsa a garejin gidansa a Mabera, ya lulluɓe ta da tamfol, ya ba ni makulli. A kusurwar garejin akwai buhunan gero uku da na gyaɗa ɗaya. Bayan kwana arba'in ya dawo, mota ta ƙi tashi. Muka kira mai riwaya, ya ɗaga bonet, ya buɗe akwatin filtar iska, sai ga sheƙa an shirya ta da soson kujera da yagaggen tishu da ɓawon gyaɗa, ga 'ya'ya jajaye guda biyar idonsu bai ko buɗe ba. Ya bi wayoyi da yatsa har ya kai inda aka gaigaye roba, jan ƙarfen ya fito fili. Ya ce, "Alhaji, wannan ba ciwon inji ba ne, aikin kusu ne."

A daren nan aka yi ta ba mu shawara. Wani ya ce a zuba shinkafar ɓera, wani ya ce gam, matar yayana ta ce a kawo kyanwa, ɗansa kuma ya ce shi bai yarda a kashe ba, a kama a kai daji. Duk wanda ɓera ya dama ya san wannan ruɗani. Tun daga lokacin na gwada yawancin hanyoyin nan a gidana da nasa, kuma ga yadda na auna su.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Na farko kuɗi, ba na ranar saye kaɗai ba, har da wanda za ka riƙa maimaitawa. Na biyu ƙarko: abin da ke aiki a garin sanyi ba lallai ya jure zafin Afrilu na Sakkwato ba, lokacin da ake haura maki 40, ko ƙurar hunturu. Na uku sauƙin aiki, wato ko uwargida za ta iya ita kaɗai. Na huɗu haɗari ga yara da kaji da tumaki da mu kanmu. Na biyar azabar da dabbar za ta sha.

Wannan na biyar wasu na ganin ɓata lokaci ne, ni kuwa ban ɗauke shi haka ba. Addini bai hana kashe ɓera ba, yana cikin dabbobi biyar masu ɓarna da hadisi ya halatta kashewa ko a cikin harami. Amma wani hadisin ya umarce mu da kyautatawa a komai, har a kisa, kuma an hana azabtarwa da wuta. Saboda haka tambayar ba "a kashe ko a bari" ba ce kaɗai, har da "ta wace hanya".

Kafin a zaɓa, a san abokin gaba. Ƙaramin ɓeran gida yana kutsawa ta kafar da ba ta wuce milimita 6 ba, kaurin fensir ke nan. Cikin macen kusan kwana 20 ne, 'ya'yan kuma cikin mako shida sun isa haihuwa. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, shi ya sa dole ya yi ta gaigaya, ko waya ko katako ko roba. Babban ɓera da gafiya kuma tarkon ƙarami ba ya riƙe su. Jaɓa dai ba dangin ɓera ba ce, ƙwari take ci, warinta ne kawai matsala. Sannan akwai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da cutar, tana fita ta fitsarinsa da kashinsa, kuma an fi samunta da rani. Da dare ba ka iya bambance shi da ɓeran gida, don haka kowane ɓera a ɗauke shi kamar shi ne.

Toshe hanya da hana abinci

Wannan ce hanyar da babu mai tallanta a kasuwa, kuma ita ce ta fi kowace aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka ɗauki tocila da yamma ka zagaya gidanka a tsugune: ƙasan ƙofar kicin da ta sito, inda famfo ya huda bango, inda wayar lantarki ko ta janareta ta shigo, rariya, bakin silin da kwano, tagar da ragarta ta yage. Duk inda fensir ya shige, ɓera zai shige. Za ka gane hanyarsa da baƙin maiƙo a jikin bango da ƙananan kashi kamar ƙwayar shinkafa baƙa.

Abin toshewa ya zama wanda haƙori ba ya ci. Tsumma da kwali da leda da kumfar roba duk shimfiɗa ka ba shi. Ka cusa soson ƙarfe na wankin tukunya a ramin, ka bi da siminti. Ƙasan ƙofar katako a buga masa falle kwano. Rariya da taga a sa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, ba ta roba ta sauro ba. A gidan ƙasa aikin ya fi wuya domin ɓera na haƙa, amma yaɓe gindin bango da siminti yana ragewa sosai, kuma kakanninmu ba banza suka ɗora rumbu a kan duwatsu ba.

Sai abinci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gero da shinkafa da wake su koma cikin duro mai murfi. Idan buhu ne dole, a ɗora shi kan katako, a janye shi daga jikin bango yadda mutum zai iya leƙa bayansa. Kwanukan tuwon dare kada su kwana ba wanki, dusar tumaki da tsabar kaji a rufe su, bola a fitar.

Kuɗin wannan aiki na toshewa da rufe abinci matsakaici ne, sau ɗaya, kuma duron ne mai tsadar. Yana shekaru. Haɗari babu, azaba babu. Aibinsa biyu: yana cin yini guda ko biyu na aiki, kuma ba ya fitar da ɓeran da ke ciki tun farko. A gidan haya na mutane da yawa kuma, in maƙwabcin ɗaki bai gyara nasa ba, silin ɗaya kuke.

Tarkon ƙarfe mai sifirin

Shi ne tsohon tarkon nan na katako ko na ƙarfe zalla da ake samu a Babbar Kasuwa da shagunan kayan gini. Yana da araha, kuma guda ɗaya zai yi ta aiki har sai tsatsa ta ci sifirin. Zafi da ƙura ba su dame shi ba. In ya kama daidai, a wuya yake bugu, nan take an gama. A cikin hanyoyin kisa, shi ne mafi ƙarancin azaba, kuma gawar tana gabanka, ba a cikin silin ba.

Masu cewa tarko ba ya kamu, yawanci ɗana shi ne ba su iya ba. Ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki, jikin bango yake bi. Saboda haka a jingina tarkon da bango, bakin abincin na fuskantar bangon. Abincin ya zama ɗan mitsitsi kuma a manne, kamar tunkuza ko gutsuren busasshen kifi da aka ɗaure da zare, domin in ka ɗora ƙuli-ƙuli babba zai ɗauke ya tafi. Kada ka sayi ɗaya, sayi biyar ko shida ka ɗana su dare guda, taku biyu ko uku tsakani, domin daren farko ne aka fi kamu. Ƙaramin ɓera mai son bincike ne, yana faɗawa da wuri. Babba kuwa yana tsoron sabon abu, sai ka bar masa tarkon da abinci ba a ɗane ba kwana biyu ko uku, ya saba, sannan ka ɗana.

Haɗarinsa yatsan yaro mai rarrafe da ƙafar kaza. Maganin haka a sa shi cikin kwali mai ƙaramar ƙofa, ko bayan duro, ko a ɗana bayan isha'i a kwashe da asuba. Wani lokaci yana kama ɓeran a ƙafa ko wutsiya, to dole ka ƙarasa da bugu ɗaya, kada ka bar shi har rana ta fito.

Gam

Shi ya fi kowanne sauƙi, buɗe littafin kwalin kawai za ka yi ka shimfiɗa, shi ya sa ya cika gari. Na yi amfani da shi sau ɗaya. Wajen ƙarfe biyun dare kuka ya tashe mu daga kicin. Na haska, ɓeran ya manne ta ciki da gefen fuska, yana jan jiki har gashin ya tuge, ga fitsari da kashi sun ɓata kwalin. Ƙaramar 'yata ta biyo ni ta tsaya a ƙofa, ta ce, "Baba, ba za ka cire shi ba?" Ban sake saye ba.

Ko an ajiye zancen tausayi, lissafin bai fita. Kowane kwali sau ɗaya ne, don haka arahar tasa ta ranar farko ce. Da hunturu ƙura na rufe danƙon cikin kwana kaɗan ya daina kamu, da bazara kuma ya yi laushi ya zubo. Yana kama tsaka da ƙadangare da 'yan tsaki. Ɓeran da ya firgita yana sakin fitsari, wanda shi ne abin da muke gudu saboda Lassa, kuma kai za ka ɗauke shi da ransa. Yawanci a bola ake jefa shi ya mutu da ƙishi, wasu ma su cinna masa wuta, abin da addini ya hana. A Ingila doka ta hana mutanen gari amfani da shi tun 2024.

Shinkafar ɓera da sauran guba

Nan ne nake so mai karatu ya tsaya sosai, domin abin da muke kira shinkafar ɓera ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai kisa da sauri, baƙin gari mai wari kamar tafarnuwa, wanda in ya haɗu da ruwan ciki yake sakin iska mai guba. Wannan ba shi da makari, in yaro ya ci sai dai likitoci su yi ta ƙoƙarin riƙe ransa. Akwai kuma mai hana jini daskarewa, wanda ke zuwa a dunƙule ko a tsaba, shuɗi ko ja ko kore. Shi sai bayan kwana uku zuwa bakwai ɓeran ke mutuwa, jini na zuba a cikinsa. Yana da makari a asibiti, bitamin K1, amma kalarsa ce ke sa yaro ya ɗauka alawa ce.

Amfanin guba ɗaya ne: tana rage ɓeraye masu yawa a wurin da tarko ba zai wadatar ba, kamar babban sito. Tana da araha a ƙulli, amma in ba a toshe hanya ba za ka yi ta saye, domin wasu na mutuwa wasu na shigowa.

Abin da ke biyo baya shi ne matsalar. Ɓeran ba ya mutuwa inda ya ci, sai ya shige silin ko bayan kabad ko ƙarƙashin buhu, kuma wanda ya taɓa shaƙar wannan wari a watan Afrilu ba ya so ya ƙara. Wani ya faɗa randa ko tankin ruwa. Kyanwar da ta ci gawar tana iya mutuwa, haka mujiya da shaho, waɗanda su ne ke rage mana ɓeraye a waje. A unguwarmu an taɓa zuba guba cikin tuwo a bayan ɗaki, da safe kajin gida biyu suka riga ɓera.

Abu biyu kada a kusance su ko kaɗan. Ƙullin da ba suna ba lambar NAFDAC, domin in tsautsayi ya faru likita bai san abin da zai yi magani ba. Sai ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake da masara don ƙwari: iska take saki, tana ratsa ƙofa da silin, kuma tana kashe mutanen da ke barci a ɗakin da ke kusa. Ba ta da wuri a gidan da ake kwana. In kuwa yaro ya ci kowace irin guba, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja ana jira a gani, a ɗauki kwalin maganin a nufi asibiti, ko da yaron yana wasansa lafiya, domin mai hana jini daskarewa ba ya nuna alama ranar farko.

Kamu da rai

Keji ne na waya mai ƙofa da ke rufewa, ko bokiti mai zurfi da aka jingina wa katako. Kejin ya fi tarkon sifirin tsada amma yana daɗewa, kuma ba ya cutar yaro ko kaza. Ga wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar kisa, hanya ce, da sharaɗi. Dole a duba shi safe da yamma, domin a zafinmu ɓera a keji ba ruwa ba ya daɗewa, ka ga an koma gidan jiya. Dole a kai shi nesa da gidaje, in ba haka ba ko ya dawo ko ka kai wa maƙwabci. Kuma ɓeran da ya saba da gida ba kasafai yake rayuwa a daji ba. Ga ɗaukar dabba mai rai tana fitsari a keji. Ya dace da ɓera ɗaya ko biyu da suka ɓato, ba gidan da suka yi zuri'a ba.

Kyanwa

Mussa, kamar yadda muke ce mata a nan, tana da amfani a tsakar gida da sito, kuma ko warinta na sa ɓera taka-tsantsan. Amma sa'a ce: wata mafarauciya ce, wata kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Ba ta shiga cikin injin mota, ba ta cika tunkarar gafiya ba. Kuma amana ce ta shekaru, da ci da sha da rigakafi, ba a barinta da yunwa wai don ta yi farauta. Wanda ya ajiye kyanwa ya yi sallama da guba.

Na'urar da ake maƙalawa a soket wai tana korar ɓera da sauti, da man na'ana'a, da barkono, ba zan daɗe a kansu ba. Ɓera na sabawa da sautin, sautin ba ya ratsa bango, kuma in an ɗauke wuta shi ke nan. Ƙamshi kuwa zafi na busar da shi cikin kwanaki. Kafur ma ba ya korar ɓera yadda ake zato, ga shi yana da illa ga jarirai.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Azaba |
|---|---|---|---|---|---|
| Toshewa da rufe abinci | matsakaici, sau ɗaya | shekaru | aikin yini 1 ko 2 | babu | babu |
| Tarkon sifirin | araha | shekaru | sai an koya | yatsa, kaji | kaɗan |
| Gam | araha, ana maimaitawa | kwanaki | mafi sauƙi | fitsari, tsaki | mai yawa |
| Guba | araha, ana maimaitawa | makonni | sauƙi | mafi girma | mai yawa |
| Keji | matsakaici | shekaru | dubawa sau 2 a yini | taɓa mai rai | kaɗan in an kula |
| Kyanwa | ciyarwa kullum | shekaru | sai kulawa | kaɗan | akwai |
| Na'ura da ƙamshi | na'urar da tsada | gajere | sauƙi | kafur ga jarirai | babu |

Motar da za a ajiye

Mota lissafinta daban ne, domin ɓarnar dare ɗaya na iya fin kuɗin duk tarkunan kasuwa. Abin da ke jawo ɓera duhu ne da shiru da abinci a kusa. Saboda haka kafin komai a raba mota da buhu, kada su kwana ɗaki ɗaya. A share cikinta tas: gyaɗar da ta faɗa ƙasan kujera, ƙwallon dabino, biskit ɗin yara, tishun da ke cikin aljihun gaba. A rufe gilasai ruf, a mayar da iskar esi ta koma mai zagayawa a ciki kafin a kashe mota, wannan na rufe ƙofar iskar waje a motoci da yawa. Bakin salansa da bututun shan iska a cusa musu soson ƙarfe, amma a rubuta takarda a manna a sitiyari don kada a tayar an manta.

Tamfol a Sakkwato dole ne saboda rana da ƙura, sai dai ɗaki ne ga ɓera. A samu mai yaye shi duk mako, ya tayar da mota, ya matsa da ita, ya ɗaga bonet ya duba. In a rufaffen gareji take, barin bonet a buɗe ya fi. A ɗana tarkon sifirin a gindin kowace taya, domin ta nan yake hawa. In za a daɗe ba mai tayarwa, a cire kan batir, domin wayar da aka gaigaye na iya haɗuwa ta yi wuta. Kamfanin Honda na yin wani tef mai yajin barkono da ake naɗe wayoyi da shi, taimako ne in an samu, ba madadin sauran ba.

Guba a cikin mota ko kusa da ita kuskure ne babba. Ɓeran zai shige bututun esi ya mutu, kuma fitar da shi sai an kwance gaban mota. Gam a ƙarƙashin bonet narkewa yake.

In ka tarar da sheƙa ko kashi, a mota ko a ɗaki, kada ka share a bushe, kada ka hura. Buɗe ƙofofi iska ta shiga na rabin awa, sa safar hannu ko leda, jiƙa wurin da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, bar shi minti biyar, sannan ka goge. Gawa a ƙulle ta a leda biyu ko a binne da zurfi. A mota a canza filtar.

Wa ya kamata ya ɗauki me

Mai ƙananan yara ko kaji a tsakar gida: toshewa, duro mai murfi, da tarkon sifirin cikin kwali. Guba kada ta shigo gidan. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya: ya gyara ƙasan ƙofarsa, ya rufe abincinsa, ya ɗana tarko uku, sannan ya nemi mai gida da maƙwabta a yi silin da rariya tare. Wanda ba ya son kisa: ya sa ƙarfinsa duka a toshewa, ya ajiye keji ɗaya don wanda ya ɓato, in zai iya dubawa safe da yamma. Mai sito a Kasuwar Kara ko mai ajiyar hatsin shekara: katako a ƙasan buhu, tazara daga bango, kyanwa ko tarkuna da yawa, in abin ya fi ƙarfin haka, guba mai rajista a cikin akwati mai makulli, a wurin da ba a kwana, a hannun wanda ya san aikin, kuma ba tare da kyanwa ba. Mai tafiya Hajji ko kwas ko wanda aka yi wa canjin wurin aiki: ya fitar da buhunan daga gareji, ya share motar, ya ɗana tarko huɗu a gindin tayoyi, ya bar makulli a hannun wanda zai ɗaga bonet kowace Juma'a.